Kuɗin bincike da arzikin Jihar Kaduna

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin wakilanmu a Majalisar Tarayya kan kuɗin da gwamnatin tarayya ke ware wa cibiyoyin bincike, domin Jihar Kaduna na cin moriyarsu sosai. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda aka kafa a 1922, ita ce ta fitar da waken SAMPEA 20-T a 2019, wanda ke jure tsutsar da ke cinye wake tun yana gona, abin da ya rage wa manomi kuɗin maganin feshi. A Shika kuma, kusa da Zariya, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, wato NAPRI, ta samar da kajin ƙwai na Shika Brown.

Ba masana kaɗai ke ci daga wannan kuɗi ba, har da ma'aikatan ɗakin gwaji, direbobin tarakta da leburorin gona, kuma albashinsu a hannun 'yan kasuwar Samaru yake ƙarewa. Sai dai gwajin iri ba ya jiran takardun ofis, domin idan kuɗi ya makara har damina ta yi nisa, aikin shekarar ya tafi ke nan. Saboda haka ina kira ga wakilanmu su tsaya tsayin daka a riƙa sakin kuɗin kafin saukar ruwan farko.

Naka,
Wani makaranci daga Zariya