Takardar Koke Kan Ramin Kwalbati da Ambaliyar Daren Alhamis a Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,
Ta hannun Mai Girma Hakimi, Allah ya ja zamaninsa,
Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi da biyayya, mu dattawa da malamai da 'yan kasuwa da iyaye mata da matasan wannan unguwa muna roƙon Allah ya ƙara wa Mai Girma Shugaba lafiya da basira, ya yi masa jagora a kan amanar da ke wuyansa, ya kuma sa ya sauka lafiya kamar yadda ya hau lafiya. Muna neman afuwa tun daga farko idan wata kalma ta yi kaushi a cikin wannan takarda, domin an rubuta ta ne a soron Mai Unguwa a kan tabarmar da ba ta gama bushewa ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka sa hannu a kanta ba su kwana a ɗakunansu ba tun daren Alhamis.

Ranka ya daɗe, a daren Alhamis da ta gabata an tsuge da ruwa tun bayan sallar isha'i, bai ɗauke ba sai da dare ya raba. Ruwan Agusta ba baƙo ba ne a Kano, kuma ba mu zo kawo ƙarar ruwa ba, domin rahama ce daga Allah. Abin da muka zo da shi shi ne ramin da ɗan kwangilar ƙaramar hukuma ya haƙa a bakin layin masallaci tun kafin azumi. Ya fasa tsohon kwalbatin da ke wurin, wanda duk da tsufansa yana wuce da ruwa, ya tara ƙasar da ya haƙo a tsakiyar hanya, ya kafa roduna a tsaye cikin ramin, sannan ya kwashe ma'aikatansa da injin kwaɓa siminti ya tafi. Daga ranar ba mu sake ganin ƙeyarsa ba. Babu allon da ya nuna sunan aikin ko ranar gama shi, babu shinge, babu ko jan ƙyallen da zai gargaɗi mai wucewa.

A wannan dare ruwa ya cika ramin ya shafe bakinsa, har ba a bambanta shi da hanya. Ladanin masallacinmu, dattijon da ya shafe shekaru masu yawa yana kiran salla ba tare da ya taɓa neman ko sisin kwabo ba, ya fito da tocilarsa zai je kiran assalatu, sai ƙafarsa ta zame ya rufta ciki. Rodi ya yage masa cinya, ƙafar dama kuma ta karye. Ba don Allah ya sa wani ɗan ga-ruwa da ke kwana a rumfar mai shayi ya ji salatinsa ba, da yanzu ta'aziyya ake karɓa a ƙofar gidansa. Da igiyar guga aka jawo shi. Babu Adaidaita Sahun da zai iya shigowa layin saboda tudun ƙasar da aka bari, don haka a kan kurar ruwa aka shimfiɗe shi, matasa suka tura shi cikin ruwa iya gwiwa har bakin titi, hularsa da carbinsa suna can cikin ramin har yau. Kuɗin asibiti kuwa a masallaci aka yi karo-karo bayan sallar Juma'a.

Ruwan da ya rasa hanyar wucewa ya juyo cikin gidaje. Katangar wata gwauruwa mai riƙon marayu ta faɗi a kan madafinta, ita da yaran suka kwana a tsaye a kan gado, buhun masarar da ta tanada ya jiƙe ya fara tsiro. A makarantar allo ta ƙarshen layi, da gari ya waye almajirai ne ke bin allunansu a kan ruwa suna tsintowa, rubutun duk ya wanke. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne shaddodi sun cika sun tumbatso, ruwansu ya gauraya da na rijiyoyin da yawancinmu ke sha. Ba mu manta da amai da gudawa na shekarar 2021 ba, lokacin da Kano take cikin jihohin da cutar ta fi yi wa ɓarna, kuma tun ranar Asabar iyaye mata suka fara kawo maganar yaran da cikinsu ya ɓaci.

Mai Girma Shugaba, akwai abin da muka daɗe muna shawara a kan ko mu rubuta shi ko mu bar shi, daga ƙarshe dattawa suka ce a rubuta. Ranar Asabar da hantsi, kwana biyu bayan wannan abu, ma'aikatan ƙaramar hukuma sun shigo unguwarmu. Da muka hango su mun ɗauka jaje suka zo ko duba ɓarna, har Mai Unguwa ya sa aka fito da benci. Ashe masu yankar rasit ne. Suka taka katakon da matasanmu suka gitta a kan ramin, suka tsallaka, suka bi rumfuna da shaguna suna karɓar kuɗi, ciki har da shagon da mai shi ke shanya kayansa a rana, suka sake taka katakon suka fita. Ba mu ga laifinsu ba, aike aka yi musu. Sai dai mun fahimci cewa ƙaramar hukuma ta san hanyar unguwarmu, kuma ramin bai hana ta zuwa ba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka muna neman izinin bayyana asalin matsalar kamar yadda muka gan ta da idonmu. A da akwai kududdufi a gabashin unguwar nan, wanda kakanninmu suka haƙi ƙasar gini a cikinsa, shi ne ke shanye ruwan damina, abin da ya yi saura ya bi babban lambatu ya gangara Jakara. A hankali aka mayar da shi juji, aka cike shi da shara da ɓaraguzai, aka yanka filaye aka yi gine-gine. Bayan haka aka jera kwantenoni da rumfunan kwano a kan lambatun kansa, aka rufe shi ruf, ta yadda ko mun fito aikin gayya da shebur da baro a Asabar ɗin ƙarshen wata ba mu da ta inda za mu zura hannu mu yashe shi. Sharar da muka samu muka fito da ita kuwa takan zauna a bakin hanya mako da makonni ba motar kwasa, har ruwa na gaba ya mayar da ita inda ta fito, ledojin ruwa da robobi su sake toshe komai. Tsohon kwalbatin shi kaɗai ya rage wa ruwa, shi ma aka fasa shi aka tafi. Duk wanda ya ga yadda ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari a daminar 2022 ya lalata dukiya mai yawa ya san abin da toshe hanyar ruwa ke jawowa, mu kuma ba mu da jarin 'yan Kwari da za mu sake tashi.

Ba yau muka fara kuka ba. Mun rubuta a zamanin kantoma, mun rubuta a zamanin zaɓaɓɓu, mun bi ta hannun kansila, mun bi ta hannun Dagaci, mun je sakatariya ƙafa da ƙafa har masu gadi sun san fuskokinmu. Wani lokaci a ce shugaban sashen ayyuka ya fita zagaye, wani lokaci a ce takardar tana kan tebur, wani lokaci a ce a kawo wata domin ba a ga ta farko ba. An zo an auna da tef, an shafa jan fenti a jikin kwantenoni, fentin ya koɗe, an sake zuwa an auna. Amsar da muka fi ji ita ce wannan hurumin jiha ne.

A kan wannan amsa muke roƙon a yi mana haƙuri mu ɗan tsaya. Mun san Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna, kuma mun san izinin gini daga hukumar jiha yake fitowa, don haka ba mu ɗora wa Mai Girma Shugaba alhakin gidajen da aka gina a kan kududdufi ba. Amma 'ya'yanmu da suka yi karatu sun karanta mana Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, kuma a ciki akwai gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su, da fitilun kan titi, da kwashe shara, da kasuwanni da tashoshin mota, da kula da shaguna da rumfuna. Kwantenonin da ke kan lambatu rasit ɗin ƙaramar hukuma ne a hannun masu su, mun gani, an nuna mana. Ɗan kwangilar da ya haƙa ramin, tare da ma'aikatan sashen ayyuka ya zo ranar farko. Idan wurin hurumin ƙaramar hukuma ne a ranar karɓar kuɗi, muna ganin bai kamata ya koma hurumin jiha a ranar da ruwa ya ci mutum ba. Mun kuma ji a rediyo hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ranar 11 ga Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, mun yi murna da shi, domin a fahimtarmu ta talakawa an yi shi ne saboda irin wannan kwalbati.

Saboda haka, cikin ladabi, muna roƙon Mai Girma Shugaba ya sa a killace ramin nan a cikin wannan mako, ko da da buhunan yashi da katako ne, a kuma lanƙwashe ko a yanke rodunan da ke tsaye, domin damina ba ta wuce ba, kuma yara za su koma makaranta ta wannan hanya. Muna roƙon a nemo ɗan kwangilar ya dawo ya gama aikinsa, in kuwa ya gaza a karɓe a ba wani, a kuma gaya mana ko an biya shi ko ba a biya shi ba, domin maganganu sun yi yawa a gari kuma ba ma so mu ɗauki alhakin kowa. Muna roƙon a turo duba-gari da ma'aikatan lafiya su zuba magani a rijiyoyi, su duba yara. Muna roƙon a ɗage kwantenonin da ke kan lambatu, amma a sama wa masu su wani wuri tukuna, domin 'ya'yanmu ne, da izini suka zauna, kuma ba mu rubuta wannan takarda don a raba kowa da abincinsa ba. Muna roƙon a tsayar da ranar da motar shara za ta riƙa zuwa, ko sau ɗaya ne a mako, mu san ta, mu shirya mata. Muna kuma roƙon ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyin jinyar ladaninmu, ta taimaka wa gwauruwar nan ta tayar da katangarta, domin a halin yanzu zani ne aka rataya tsakaninta da masu wucewa.

Akwai roƙo ɗaya da ya fi sauran nauyi a wurinmu. Kowace shekara majalisar kansiloli tana zama, ana tsara kasafin kuɗi, ana amincewa da ayyuka, mu kuwa sai dai mu wayi gari mu ga an sauke yashi a wani wuri, ko an zo fentin ginin da ba shi ne damuwarmu ba. Da an tambaye mu kafin a fasa kwalbatin nan, da mun ce a bari sai bayan damina, ko kuma a fara da buɗe lambatu, domin ko yaro a unguwar nan ya san ta inda ruwa ke bi. Muna roƙon kafin a kammala kasafin shekara mai zuwa, kansilan mazaɓarmu ya zauna da mu a gaban Dagaci da Mai Unguwa, a rubuta buƙatunmu bisa tsarin da muka ga ya fi gaggawa, a sa gyaran lambatu tun daga bakin masallaci har inda ya haɗu da babban magudani a ciki. Idan majalisa ta amince da wani aiki a mazaɓarmu, a liƙa takardarsa a allon sakatariya da ƙofar Mai Unguwa, da kuɗinsa da wa'adinsa. Abin da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma kuma, muna roƙon Mai Girma Shugaba ya rubuta wa jiha da kansa, ya ba mu kwafi, maimakon a riƙa turo mu da baki daga wannan ofis zuwa wancan.

Ba za mu ɓoye wa Mai Girma Shugaba ba, ranar Juma'a bayan an idar da salla matasa sun so su kwashe ƙasar nan su zube ta a kan babban titi su tare hanya, sai da Liman da Mai Unguwa suka tsaya a gabansu, suka yi musu alkawarin za a rubuta wannan takarda kuma za a samu amsa. Da wannan alkawari suka watse. Mu mutane ne masu biyayya ga hukuma da sarauta, haka muka gada, kuma haka muke so mu bar wa na baya, amma dattijon da ya ba da baki sau uku ba a ga komai ba, a na huɗu ba lallai a saurare shi ba. Muna sake roƙo, don girman Allah, a rufe ramin nan kafin wani ruwan ya sauko, a kuma dawo da ɗan kwangila. Idan Mai Girma Shugaba zai samu sarari ya tako da kansa ya gani, za mu tarbe shi da girmamawa, sai dai muna ba da shawarar a bar mota a bakin titi.

Mun haɗa da hotunan ramin da na gidajen da abin ya shafa, da kwafin takardunmu na baya waɗanda ruwa bai ci ba, da sa hannu da dangwalen magidanta. Mun aika kwafi ga Shugaban Majalisar Kansiloli da kansilan mazaɓarmu da shugaban sashen ayyuka. Wakilanmu za su zo sakatariya ranar Litinin da safe domin jin amsa.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Shugaba lafiya, ya ja zamanin Mai Girma Hakimi.

Mu ne naku masu biyayya,
Dattawa, malamai, 'yan kasuwa, iyaye mata da matasa,
a madadin ɗaukacin mazauna unguwa.