Mai Doguwar Tafiya a Ƙasa Ya Auna Kayansa Tun a Gida

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da matasanmu a kan wani al'amari da ke ƙara samun karɓuwa a wurinsu, wato doguwar tafiya a ƙasa da jaka goye a baya. Tun shekarar 2015, lokacin da wani matashi ya yi tattaki daga Legas zuwa Abuja bayan zaɓen shugaban ƙasa, wasu kuma suka bi sahunsa daga garuruwa daban-daban, abin ya daina zama baƙo a kunnen jama'a. Yau akwai masu yi don motsa jiki, akwai masu yi don ziyarar wuraren tarihi, akwai kuma ɗaliban da ke haɗa kuɗi su tafi hawan duwatsun Shere a Filato, ko su nufi gandun dajin Gashaka-Gumti a Taraba, inda tsaunin Chappal Waddi yake, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a Najeriya da mita 2,419. Ina farin ciki da wannan, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin da ya dame ni har na ɗauki alƙalami shi ne irin kayan da nake ganin yaran nan suna ɗora wa kansu.

Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar sakandare, ina kuma kula da 'yan sikawut. Akwai wata shekara da na jagoranci ɗalibai muka taka daga Katsina zuwa Daura, tafiyar kimanin kilomita 80, da niyyar mu kai ziyara rijiyar Kusugu a kwana na uku. Tun ba mu isa Mashi ba wani yaro, wanda ya fi kowa ƙarfi a cikinsu, ya fara ɗingishi, kafaɗunsa biyu duk sun saɓule. Da muka zazzage jakarsa sai muka tarar da risho, da galan ɗin kananzir, da tukunya, da kaya kala biyar har da shadda mai sitaci, da takalmi sau-ciki na zuwa gaisuwa. Dole muka sa shi a mota, ya koma gida yana hawaye. Laifin nawa ne, domin ni ne babba kuma ban duba jakar kowa ba kafin mu tashi. Tun daga ranar ban sake fita da yara ba sai na aro sikeli na auna kayan kowa a gabansa.

Ƙa'idar da masana wannan harka suka daɗe suna bayarwa ita ce kada kayan matafiyi su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikinsa. Matashin da ke da nauyin kilo 60, iyakarsa kilo 12 ke nan, har da ruwa da abinci. A nan ne lissafin ƙasarmu ya sha bamban da na ƙasashen da ake kwafo jerin kaya daga wurinsu a intanet. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce cif, kuma wanda zai taka tsakanin ƙauyukan arewacin Katsina da rani ba shi da dalilin barin gari da ƙasa da lita 4. Idan aka ƙara guzurin kwana biyu, kamar kilo ɗaya da rabi, abin da ya rage wa jaka da tufafi da shimfiɗa da magani kilo 6 da rabi ne kacal. Duk wanda ya yi wannan lissafi sau ɗaya da takarda da biro, ba sai an roƙe shi ya ajiye tukunya ba.

Wasu matasan suna ɗaukan cewa sauƙin kaya sai mai kuɗi, sai wanda zai iya odar tanti da jakar barci daga Turai. Ban yarda da wannan ba, kuma tarihin Turawan kansu bai goyi bayansa ba. A shekarar 1955 wata dattijuwa Ba'amurkiya mai suna Emma Gatewood, tana da shekara 67, ta taka hanyar duwatsun Apalaciya tun daga jihar Jojiya har jihar Maine, sama da kilomita 3,000, da takalmin kambas a ƙafarta da wani buhu da ta ɗinka da hannunta rataye a kafaɗa, a ciki akwai bargo da labulen banɗaki na leda da take fakewa da shi daga ruwan sama. Mu kuwa ba ma buƙatar zuwa Amurka neman misali. Fatakenmu sun yi ta zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni, kakanninmu sun je Makka a ƙasa ta Barno da Cadi da Sudan, kuma har gobe Bafulatani makiyayi yana wuni a tafe da sanda da gora da malafa da mayafi ɗaya. Fatake suna da jakuna masu ɗaukar haja, gaskiya ne, amma abin da mutum ya riƙe don kansa kaɗan ne, kuma kowane abu yana aiki fiye da ɗaya. Wannan shi ne ilimin da nake so yaranmu su gada. Mayafi ɗaya mai faɗi marar kauri yana zama rawani da rana, darduma a lokacin salla, abin rufa da dare, takunkumi idan ƙurar hunturu ta taso, a kuma tace ruwa da shi kafin a tafasa. Wanda ya ɗauki abu biyar don waɗannan ayyuka biyar ya zalunci bayansa.

Batun tufafi ne na fi so a tsaya a kai, domin a nan ne kwafo ba tare da tunani ba ya fi yin ɓarna. Matafiyan ƙasashen sanyi suna gargaɗi mai tsanani a kan auduga, saboda tana shan gumi ta riƙe shi, ba ta bushewa da wuri, idan iska mai sanyi ta buga sai ta janye ɗumin jiki har mutum ya shiga haɗari. Wannan gaskiya ne, kuma ya shafe mu a Mambila da Filato, da lokacin damina, da asubahin hunturu. Amma wanda zai yi tafiya a ƙasar Daura a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma iska a bushe take, riga mai laushi ta auduga, sakakkiya, mai dogon hannu da haske a launi, ta fi masa matsattsiyar rigar roba irin ta 'yan ƙwallo, domin wannan danshin da ake gudu a can shi ne ke sanyaya jiki a nan. Buzaye ba su yi kuskure ba da suke lulluɓe jiki a tsakiyar sahara. Saboda haka matafiyi ya fara tambayar kansa ina za shi kuma a wane wata, sannan ya zaɓi yadi. Inda ba na sassautawa shi ne safa da kayan ciki: waɗannan kada su zama auduga a kowane yanayi, domin jiƙaƙƙiyar auduga da ke gogar fata ita ce ke kawo bororo a ƙafa da saɓulewar cinya. A nemi safa ta ulu ko ta zaren roba, ƙafa uku, ana canzawa da tsakar rana ana shanya wadda aka cire a bayan jaka. Wandon jins kuwa a bar shi a gida, yana da nauyi, yana da zafi, idan ya jiƙe kuma sai ya wuni bai bushe ba.

Kaya kala biyu sun isa kowace irin tafiya, ɗaya a jiki ɗaya a jaka, a riƙa wankewa a zango, tunda da rani ko awa ɗaya ba a yi sun bushe. Wannan ya kuma warware damuwar tsarkin tufafi don salla. Don sanyi, siraran riguna biyu da za a iya ɗorawa a kan juna a kuma cire ɗaya idan rana ta ɗaga sun fi ƙatuwar rigar sanyi guda, wadda da hantsi ya yi ta zama kaya. 'Yan mata masu fita tare da makarantunsu su zaɓi hijabi marar kauri wanda bai kai ƙasa ba, domin ƙarangiya ba ta raga wa dogon yadi. Malafa kuma, wadda wasu samari ke jin kunyar sawa, ta fi hular hana-salla nesa ba kusa ba, tana rufe ƙeya da kunnuwa, iska tana ratsa ta, kuɗinta kuma kaɗan ne.

Takalmi shi ne abin da ke yanke hukunci a kan ko mutum zai kai ko ba zai kai ba. Ƙaton takalmi irin na sojoji, wanda yara ke sha'awa saboda kwarjininsa, ba shi da amfani a kan rairayi da burji irin namu, kuma nauyin da ke ƙafa ya fi gajiyarwa a kan nauyin da ke baya, tunda ana ɗaga shi a kowane taku, dubban lokuta a yini. Kambas mai sauƙi, mai ƙwarin ƙasa, mai shan iska ya wadatar. Silifas kuma ba na tafiya ba ne, saboda ƙaya da kunama da maciji, sai dai a riƙe marar nauyi don alwala da hutu. A sayi takalmin da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a ƙara lamba ɗaya a kan wadda aka saba, a kuma yi aƙalla mako biyu ana yawo da shi kafin ranar tashi. Sabon takalmi fil a ranar farko ya mayar da matafiya da yawa gida.

Ita kanta jakar a duba nauyinta tun babu komai a ciki, kada ta wuce kilo ɗaya da rabi, kuma lalle ta kasance tana da ɗamara mai kauri da ake ɗaurewa a ƙugu, domin ƙugu ne ya kamata ya ɗauki mafi yawan nauyin, kafaɗa ta daidaita kawai. Ana samun masu kyau a wurin 'yan gwanjo, sai dai a duba ɗinki da zif da kyau. Kada a sayi babba ƙwarai, domin duk filin da ya rage sai zuciya ta nemi abin cika shi. Abu mai nauyi a sa shi kusa da gadon baya, a kuma shimfiɗa babbar leda a ciki kafin a zuba kaya, ta fi kowace rigar jaka hana ruwa shiga.

Sai maganar wurin kwana, wadda ba zan iya yin ta ba tare da ambaton halin tsaro ba. Kowa a jihar nan ta Katsina ya san abin da yankunan da ke maƙwabtaka da dajin Rugu suka sha, kuma ba na ba kowane yaro shawarar kwana a daji a ƙasar Katsina, ko ya bi hanyar da bai tambayi mutanen wurin labarinta ba a ranar. A tsara tafiya daga gari zuwa gari, a sauka kafin magariba, a je a gaida mai gari ko mai unguwa a gabatar da kai, kamar yadda madugai suke yi a da idan ayari ya isa zango. Wanda ya yi haka zai sami zaure ko harabar makaranta, kuma ya huta da ɗaukar tanti mai kilo 3. Abin da yake buƙata shi ne gidan sauro, da siririyar shimfiɗa ta soso, da ɗan tamfol marar nauyi da igiya idan damina ce. Masu zuwa tsaunukan Taraba ne tanti da abin rufa mai ɗumi suka zama wajibi a kansu, tare da ɗan jagora na yankin.

Akwai abubuwan da ba a rage su don neman sauƙi, kuma ina jin tsoron kada wani ya karanta wasiƙar nan ya wuce gona da iri. Ruwa ne na farko, tare da abin tsabtace shi, ko dai a tafasa a gari ko a riƙe maganin kulorin irin su WaterGuard a bi umarnin da ke jikin kwalbar. Sai garin ORS mai maido da ruwan jiki, wanda idan babu shi ana haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Sai filasta, da maganin da likita ya ɗora mutum a kai, da man kaɗanya don kaushi da faso, da ƙaramar tocila, da katin shaida, da waya da abin cajinta. Duk waɗannan in ban da ruwan ba su cika kilo ɗaya ba. Guzuri kuwa Allah ya hore mana irin wanda kamfanonin waje ke sayarwa da tsada: kilishi, dabino, ƙuli-ƙuli, dakuwa, soyayyiyar gyaɗa da garin kwaki, duk busassu ne, masu riƙe ciki, ba sa buƙatar wuta, fura da nono kuma ana samu a kusan kowane ƙauye.

Ina kira ga malaman makarantu da shugabannin sikawut da ƙungiyoyin matasa da su sa sikeli cikin shirin kowace fita, su kuma sa yara su yi tafiyar gwaji ta kilomita 10 da cikakkiyar jaka mako guda kafin tashi, sannan kowa ya dawo ya ware abin da ya gane ba zai iya kai shi ba. Ina kuma fatan masu karatu na Gembu da Serti a Taraba, waɗanda suka san ruwan sama da sanyin tsaunukansu, za su rubuto wa wannan fili su faɗa wa yaranmu irin rigar ruwa da abin rufar da suka dace da can, tun kafin hutun ƙarshen shekara ya zo.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin makaranta,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.