Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Shugaban UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kan cocin ƙauyen Banganarti

Ranka ya daɗe Dakta Khalid al-Anani,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin makaranta ne, Musulmi, jikan Hausawan da suka taso a ƙafa da niyyar aikin hajji, suka yada zango a Mai Wurno ta Sudan, zama ya kama su. Kuka na kawo maka a kan wani tsohon coci da ke ƙauyen Banganarti, a bakin kogin Nilu, kusa da kangon Tsohuwar Dongola, babban birnin Makuriya, tsohuwar daular Kiristocin Nubiya a arewacin Sudan.

Na je wurin kafin yaƙin nan na 2023 ya ɓarke. Sunan ƙauyen da harshen Nubiya yana nufin Tsibirin Fara, wato farar nan mai cin amfanin gona. Daga nesa tudun rairayi kawai za ka hango a bayan gonakin dabino, ba za ka ce akwai wani abu a ciki ba. Rairayin ne ya binne ginin ɗaruruwan shekaru, shi ne kuma ya adana shi, har masu haƙar kayan tarihi na ƙasar Polan suka soma tono shi a 2001 ƙarƙashin jagorancin Bogdan Zurawski. Coci biyu suka tarar, ɗaya a kan ɗaya. Na ƙasan ya girme, na saman kuwa a ƙarni na 11 aka ɗora shi, da sunan Mala'ika Rafa'ilu.

Kakana magini ne, don haka hannun maginan na fara dubawa. Jan bulo da na laka, yaɓe mai sulɓi, manyan ginshiƙai a tsakiya, sai ƙananan ɗakunan ibada bakwai jere a bangon gabas, inda aka zana sarakunan Nubiya cikin kayan sarauta, mala'ika na tsaye a bayansu. Amma abin da ya tsayar da ni shi ne rubutun masu ziyara. Kusan 1,000 ne, da Girkanci da tsohon harshen Nubiya, an kankare su a jikin yaɓen. Mutum ya zo daga nesa, ya rubuta sunansa da roƙonsa, ya tafi. Na kai fuskata dab da wani rubutu da layinsa ya karkace, kamar na almajirin da ya soma riƙe alƙalami, sai na tuna kakannina a hanyar Makka. Wanda ya san zafin tafiyar ibada ba zai ga wannan bango zuciyarsa ba ta motsa ba.

Wasu 'yan'uwana kan ce me ya haɗa ni da coci. Suratul Hajji, aya ta 40, ta ambaci majami'u tare da masallatai cikin wuraren da Allah ke karewa daga rushewa. Mutanen ƙauyen ma Musulmi ne, kuma ginin kakanninsu ne.

Ranka ya daɗe, kai ɗan bakin Nilu ne, ka fi ni sanin labarin Faras. A farkon shekarun 1960, lokacin da madatsar ruwa ta Aswan a Masar za ta nutsar da garin, an ɓamɓare zanen bangon babban cocinsa, aka raba tsakanin gidajen tarihi na Warso a Polan da Khartum. A wancan lokacin ba wata dabara, ruwa na tafe. To, ga shi mun ga abin da ya sami gidan tarihi na ƙasa a Khartum cikin wannan yaƙi: an wawashe shi. Tara dukiya a birni ɗaya bai tsare ta ba. Banganarti kuwa yana nan inda aka gina shi, kuma abin da nake tsoro shi ne a manta da shi saboda ƙauye ne.

Ginin laka ba ya jiran a gama sulhu. Da zarar rufin da aka yi masa ya huje, ko danshin ban-ruwan gonaki ya hau bango, gishiri zai kumburo yaɓen, gara ta shiga, zanen da ya shekara 900 ya zube cikin ɗan lokaci. Ga jirage marasa matuƙi sun riga sun kai hari Marawi, a jihar da ƙauyen yake.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin taro ɗaya a hedkwatarku ta Faris ba. A haɗa hannu da hukumar kayan tarihi ta Sudan a riƙa biyan masu gadi 'yan ƙauyen albashinsu kowane wata ba yankewa. A aika musu kayan gyaran rufi, a koya wa matasan maginansu yadda ake toshe tsaga ba tare da an taɓa zane ba, don siminti a jikin irin wannan bango guba ne. A ajiye kwafin hotunan rubuce-rubucen nan a hannun 'yan Sudan. Sannan ka sa baki a gaggauta shigar da Dongola da Banganarti cikin jerin wuraren tarihi na duniya.

Ka aiko wakilinka ya ga bangon da idonsa, ya zauna da dattawan ƙauyen. Za su nuna masa inda ya fi bukatar hannu.

Naka,
Malamin makaranta daga Mai Wurno