Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Martaba Lamiɗon Ngawundare Kan Ƙudan Zuma

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka.

Wani littafin labari ne ya hana ni barci har na ɗauki alƙalami. Wata marubuciya 'yar ƙasar Norway ce ta rubuta shi, ni kuma fassarar Faransanci na samu. Ta hasko ƙasar Sin a shekarar 2098, ƙudan zuma sun ƙare ƙaf, mutane na hawa itatuwa suna shafa wa furanni garin barbara da hannu, fure bayan fure, don kada yunwa ta gama da su. Da na bincika sai na tarar ba duka ne ƙage ba. A lardin Sichuan na ƙasar Sin an riga an yi wa gonakin 'ya'yan itace irin wannan aiki, a Amurka kuwa tun 2006 masu kiwon zuma suka fara wayar gari su ga akwatunansu wayam.

Ni ɗan mai amya ne. Ina yaro nakan riƙe wa Baba igiya da daddare, shi yana can saman maje da damin hayaƙi, ya sauko da ƙwarya cike da saƙa, har kunnena ya kumbura da harbi ban damu ba. Bana na je garinmu, amya goma sha biyu ƙanena ya rataya, huɗu ne kawai zuma ta shiga. Majen nan ma an sare shi, ya zama buhunan gawayi. A gindin ɗorawa na tsince matattun ƙudan zuma da hannuna, kwana ɗaya bayan an yi feshi a gonar maƙwabta.

Tarayyar Turai ta hana amfani da magungunan ƙwari uku a fili tun 2018 saboda ƙudan zuma. Mu nan duk ranar kasuwa ana baje maganin feshi a tabarma, mai saye bai iya karanta takardar jikin kwalbar ba.

Ranka ya daɗe, Adamawa gidan zuma ce a Kamaru, kuma maganarka tana isa inda takardar ofis ba ta isa. Ina roƙo ka umarci jaurawa, wato dagatan ƙauyuka, su tara manoma: a bar feshi da hantsi lokacin da furanni ke buɗe, a jinkirta zuwa yamma lis, a daina sare ɗorawa, kaɗanya da maje don gawayi, a hukunta mai cinna wa daji wuta. Limamai su tuna mana Suratun Nahli a huɗubar Juma'a, inda Allah ya ce a cikin zuma akwai waraka ga mutane.

Ɗorawa za ta yi fure kafin damina. Ina fata saƙon zai isa ƙauyuka kafin nan.

Naka mai biyayya,
wani malamin makaranta a Ngawundare