Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar 2022

Assalamu alaikum. Uwar ƙungiya, Hajiya shugaba, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, barkanmu da ganin ƙarshen shekara. Lissafin kuɗin shiga da na fita yana hannun ma'aji, ita za ta karanta shi da bakinta. Nawa shi ne in faɗi abin da aka yi da sunanku.

Adashe ya zagaya lafiya, ba wadda ta rasa ɗaukarta, ko da yake mutum biyu sai da aka bi su har gida. Sana'ar turara shinkafa ta ci gaba, amma tsadar shanshera da ta itace ta cinye rabin ribar. 'Yan'uwanmu da ruwa ya shiga gonakinsu na fadama an kai musu gudummawa daidai ƙarfinmu.

Babban abin da ya faru bana shi ne tafiyar Abuja, kuma ita ce aka fi yin ƙorafi a kanta, don haka zan tsaya a nan.

Ranar Talata 1 ga Maris, Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'a kan gyaran tsarin mulki, ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata. Akwai na ƙarin kujeru 111 ga mata zalla, 37 a Majalisar Dattawa, 74 a ta Wakilai. Akwai na ba mata kashi 35 cikin ɗari na shugabancin jam'iyyu, da na kason muƙaman ministoci da kwamishinoni, da na ba mijin da ba ɗan Najeriya ba damar zama ɗan ƙasa ta hannun matarsa. Duk waɗannan mun ji su a rediyo kamar labarin wasu. Na biyar ɗin ne ya taɓa mu: mace ta zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure.

Kun tuna taron da muka yi a makon. Wata uwarmu da aka auro daga wata jiha tun kafin a ƙirƙiri Kebbi a 1991 ta ba da labarin yadda ta nemi takardar 'yar asali. A nan aka ce ta koma garin ubanta, a can aka ce ai ta daɗe da zama ta Kebbi. Ta riƙe haɓa ta ce, "To ni ɗiyar ina ta?" Dariya aka yi, amma ita ce ta sa aka yanke shawarar mu je.

Mun tashi daga Birnin Kebbi ranar Litinin 7 ga wata bayan sallar asuba, mota ɗaya. Lokacin ana tsakiyar wahalar fetur, direba ya sayi na bumburutu a Jega, ya ƙara a Kontagora. Da muka zo yankin Yauri hira ta mutu a motar, don har a lokacin akwai 'yan matan kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri a hannun 'yan bindiga tun Yunin 2021. Masauki kuwa ba mu tanada ba. A tsakar gidan ƙanwar ɗaya daga cikinmu muka shimfiɗa tabarmi a Suleja.

Washegari, Ranar Mata ta Duniya, muka isa ƙofar Majalisa. Mun tarar da matan da suka yi kwanaki suna zuwa wurin: lauyoyi, 'yan kasuwa, ma'aikata, masu keken guragu, kowace da yarenta. Kwalayensu bugun inji ne, kusan duk da Turanci. Namu buhun shinkafa ne muka tsaga, ƙaramarmu ta rubuta da fenti, "Matar gida 'yar gida ce." Da farko kunya ta sa muka naɗe shi. Wata Bayarabiya ta tambayi ma'anarsa, da aka fassara mata sai ta kama gefe ɗaya ta ɗaga, haka ta tsaya da mu cikin rana har muka je sallar azahar.

A ranar ne Majalisar Wakilai, ƙarƙashin Femi Gbajabiamila, ta janye matakinta kan uku daga cikin biyar ɗin, har da na 'yar asali, ta ce za a sake duba su. An yi guɗa. Ni ma na yi. Amma gaskiya ɗaya ce: ƙudurorin da aka aika wa majalisun jihohi ba namu a ciki, kuma shekara ta ƙare ba a sake kaɗa musu ƙuri'a ba. Ranar 6 ga Afrilu, cikin azumi, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce dole gwamnati ta cika kashi 35 na mata a naɗe-naɗe. Shi ma yana kan takarda.

Yanzu ƙorafin. An ciri kuɗin mota daga asusun gaggawa ba tare da an kira babban taro ba. Wannan kuskure ne, ni da shugaba muka sa hannu, ku yafe mana. Sannan sanarwa ta zo a ƙurarren lokaci, har mutum biyu da suka ba da suna ba su samu izinin mazajensu ba, kuma ba laifin mazan ba ne, ba a tare mutum da dare a ce gobe matarsa za ta Abuja. Masu cewa asarar kuɗi aka yi kuwa, ban yarda ba. Ina da hujja ɗaya: kafin tafiyar, sau uku ina roƙon a je a yi rajistar zaɓe, ba wadda ta motsa. Bayan mun dawo, kafin hukumar zaɓe ta INEC ta rufe rajista ranar 31 ga Yuli, da kansu mata suke zuwa ƙofata suna tambayar ranar da za a raka su.

Zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan Majalisar Tarayya 25 ga Fabrairun 2023 ne. Wadda ba ta karɓo katinta ba ta ga ma'aji bayan taro, za a haɗa ku rukuni-rukuni. Kuɗin asusun gaggawa za a mayar da shi a hankali daga kuɗin wata, in taro ya amince yau. Buhun nan kuma yana ɗakin uwar ƙungiya, ta ce kada wadda ta kuskura ta zuba masa shinkafa.

Sakatariya,
Birnin Kebbi