A Horar da Masu Binciken Ayu

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan Dakta Aristide Kamla na Kamaru, wanda ya samu lambar yabo ta Whitley a 2024 saboda aikinsa na ceton ayu a tafkin Ossa, inda wata ciyawa mai yaɗo ta mamaye ruwan har sai da aka saki ƙwarin da ke cinye ta.

Mu ma muna da ayu a kogin Binuwai, amma yawancinmu a kwalba muka san shi, a teburin masu tallar man ayu. Macen kuwa ɗa ɗaya take haifa bayan cikin kusan shekara guda, don haka farauta kaɗan ta isa ta ƙarar da su.

Ina roƙon jami'o'inmu su ɗauki nauyin ɗaliban da za su shiga kwalekwale tare da masunta, su ƙidaya abin da ya rage.

Naku,
Mai karatu daga Yola