Ka koma wurin abokan jan igiyarka

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, ya karatu? Mu nan lafiya lau, sai dai hankalina ba a kwance yake ba.

Ƙanwarka ta tsegunta mini, kada kuma ka yi mata faɗa, cewa tun ranar da aka kayar da ku a jan igiya ba ka sake leƙa filin atisaye ba. Wai ƙafarka ce ta zame, wani cikinku ya yaɓa maka magana a bainar jama'a, kai kuma ka shige ɗaki. Abokanka sun zo har ƙofa ka ƙi fitowa. Ni ma na kira, ba ka ɗauka ba.

Kayen bai dame ni ba. Ku 8 ne a kan igiyar, kuma sai an janye ku mita 4 kafin a ce an ci ku. Ta yaya zamewar ƙafa ɗaya za ta yi wannan aikin? Idan ƙungiya ta faɗi, to, numfashinta ne ya rarrabu, wani ya ja kafin wani, ko na ƙarshe bai kafe da kyau ba. Ka fi ni sanin haka. Shi kuwa wanda ya ɗora maka laifi, zafin kaye ne ya sa bakinsa ya suɓuce.

Shirun nan naka ne yake hana ni barci. Na san irinsa. Haka Baffanka ya fara: a tambaye shi ya ce ba komai, a kira shi ya ce ya gaji, har ya daina zama cikin mutane gaba ɗaya. Ka ga abin da muka sha, ka ga hawayen kakarka. Wallahi ba zan zuba ido a maimaita mini wannan a kanka ba.

Lokacin da Ummanka ta ce wasan zai cinye maka karatu, ni na tsaya kai da fata, kuma ba don kofi ba. Kai yaro ne mai haɗiye damuwa. Igiya kuwa tana tilasta maka ka yi ihu tare da wasu, ku zube tare, ku tashi kuna dariya. A watannin nan barcinka ya daidaita, fuskarka ta saki. Manoman shinkafa a Kambodiya da Filifin da Koriya ta Kudu da Biyetnam sun daɗe suna jan igiya don fatan damina mai albarka da haɗin kan jama'a, ba su cika damuwa da wanda ya yi nasara ba, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa al'adar cikin jerin kayan gadon ɗan Adam a 2015. An yi wasan a Olamfik daga 1900 zuwa 1920 aka cire shi, mutane kuma ba su ajiye igiya ba.

Bari in faɗa maka gaskiya, akwai girman kai a cikin abin da kake yi. Kai kaɗai ne ka ji zafin kayen? Ka bar mutum 7 da giɓi a tsakaninsu, sun biyo ka ka rufe musu ƙofa. Ba haka na rene ka ba.

Amma na san ka, raunin ya fi fushin yawa. Idan nauyin da ke zuciyarka ya wuce maganar wasa, barci ya ƙi, abinci ya fita ranka, har aka yi mako 2 babu sauƙi, ka gaya mini mu ga likita. Ba abin kunya ba ne.

Ka je atisaye na gaba, ko da zama za ka yi a gefe. Ka ja yaron nan waje ɗaya ka gaya masa maganarsa ta yi maka ciwo. Ranar Asabar da yamma zan sake kira, ka ɗauka.

Allah ya yi maka albarka.

Babanka